Ga ƙannena masu zane a Nima da Sabon Zango

Idan za ku zana teku, ku tashi ku je ku tsaya a gabansa. Na ɓata shekaru ina kwafo shi daga hotunan waya, shuɗi shar da bishiyar kwakwa a gefe, saboda irinsa baƙi 'yan yawon buɗe ido ke saye. Kuɗi sun ɗan shigo, amma hannuna bai ƙaru da komai ba.

Tekun Accra ba haka yake ba. A Jamestown da sassafe ruwan toka-toka ne mai ɗan kore, inda igiyar ruwa ta fashe kuma sai ya koma ruwan ƙasa saboda yashi. Ga robobi da tsummokaran gwanjo sun cakuɗe a bakin gaɓa, su ma ku zana su, kada ku share. Ku je ranar Talata, ranar da masunta ba sa fita. Kwale-kwale suna jere a kan yashi da tutocinsu da rubuce-rubucen jikinsu, maza na zaune suna ɗinkin koma, ba mai gaggawa. Daga nan ku wuce gidan baje kolin zane na Artists Alliance a Labadi ku ga aikin Ablade Glover, wanda aka haifa a 1934, ya kuma daɗe yana koyarwa a jami'ar KNUST ta Kumasi. Da wuƙar fenti yake aiki. Kana kusa dunƙulen launi kawai za ka gani, ka ja da baya sai kasuwa ko bakin ruwa ya bayyana cike da jama'a. Irin wannan idon sai wanda ya daɗe yana kallon mutane.

Wajen mutanen ne ma na fi yin kuskure. Nakan raɓe gefe in zana mata masu ƙyafe kifi ba sallama, ba tambayar suna. Wata tsohuwa ta taɓa ɗago kai ta ce min, "Ɗana, ka gaishe ni tukuna." Gaskiyarta. Da na duba tsofaffin zanena, duk matan fuska ɗaya gare su, don ban san ko ɗayarsu ba. Ku dubi kawunan siminti da Kwame Akoto-Bamfo ya jera a garin Ada domin tunawa da waɗanda aka yi safararsu a matsayin bayi: kowane kai da kitsonsa da kamanninsa. Wani aikin nasa yana Montgomery a Amurka tun 2018.

Da zanen Amoako Boafo, mai shafa fenti da yatsa, ya yi tsada a Turai, samari da yawa suka ajiye burushi suka koma shafa fenti da yatsa. Ni ma na bi yayi, kuma abin da ya fito kwaikwayo ne. Shi ya samo hanyarsa, kamar yadda Serge Attukwei Clottey ya samo tasa a jarkokin ruwa masu ruwan ɗorawa da kowa ke gani a unguwa.

Mu ma muna da namu. Kakanninmu sun biyo fataucin goro daga Kano da Katsina da Sakkwato, wasu ta Salaga, har suka zauna a bakin tekun da ba su taso da shi ba. Wa ya zana wannan? Kakata ta rasu ban zana ta ba, don ina ɓoye sana'ata, ina tsoron a ce min haramun ne. Kada ku yi ɓoyo. Malamai sun yi saɓani a kan zanen mai rai, ku je wajen malaminku ku tambaya a fili. Idan zuciyarku ba ta kwanta da fuska ba, akwai akwatin ƙarfe na tsohuwa, da allon karatu, da ƙofar zaure, da kwandon goro da ganyensa. Ku zauna da tsofaffi ku ji labarin kowane kaya kafin ku ɗauki fensir.

Kada ku yi rowar fenti mai kyau, don danshin Accra yana cin kyanbas, nawa da yawa sun yi fumfuna a bayan gado. A bayan kowane aiki kuma ku rubuta sunan wanda kuka zana idan ya yarda, da unguwar, da shekarar.