Laraba: na kai Japan aji huɗu

Tun jiya da daddare nake yanka tsofaffin jaridu, har almakashi ya yi min shaida a yatsa. Malamar aji huɗu ƙawata ce tun muna sakandare, ita ta dage sai na zo na ba yaranta labarin Japan, tunda na yi shekara uku a Hiroshima da tallafin karatu na gwamnatinsu, kuma 'yata a can ta fara firamare.

Ƙarfe tara da rabi adaidaita ya sauke ni. Yara sun haura 70, huɗu-huɗu a benci, wasu a ƙasa. Na tambaye su me suka sani game da Japan. Aka ce Toyota, aka ce babur, wani daga baya ya ce ai China ce. Ban ga laifinsa ba, ni ma a shekarunsa abin da zan ce ke nan. Na nuna musu tsibiran a taswira, na ce yanzu da muke magana a can yamma ta yi, domin sun riga mu da awa takwas. Ajin ya yi tsit.

Sai rubutu. Na faɗa musu yaron Japan yana koyon haruffa iri biyu, hiragana 46 da katakana 46, kuma kafin ya gama aji shida sai ya san kanji 1,026, wato alamomin rubutu da kowace ke da ma'anarta. Na zana 山 a allo, na ce wannan dutse ne, ku duba tsininsa uku, sunansa yama. Daga nan kowa ya ce sai an rubuta masa sunansa. Sunaye irin Amina da Musa suna shiga katakana sumul, saboda Japananci ma kusan kowane baƙi da wasalinsa yake tafiya. Sunan Bala ne ya kawo rigima. Ba su raba L da R, don haka ya fito Bara, aji kuwa ya fashe da dariya. Yaron ya sunkuyar da kai, idonsa ya kawo ruwa, hankalina ya tashi. Na tsayar da su, na ce a Japananci bara furen wardi ne, na zana masa furen kusa da sunan. Ya kwafe shi a bayan littafinsa, a hankali, yana cije leɓe.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne maganar shara. Na nuna musu hoto a waya, ana miƙa ta benci-benci: yara suna goge daɓen aji, hannu biyu a kan tsumma, suna tura shi da gudu a duƙe. Soji suke ce masa. Bayan abincin rana, wanda su yaran ne suke raba wa junansu sanye da farar riga da hula, sai a tura tebura gefe a yi kamar minti 15 ana shara da goge-goge, har bayan gida. Na tuna farkon zango da aka ce 'yata ta kawo tsummokaran gogewa daga gida, na zauna na ɗinka mata daga tsohon tawul.

Wata yarinya ta ɗaga hannu. "Anti, har maza?"

Na ce har maza.

"To wane ne wannan babban?"

Na ce malaminsu ne, shi ma da tsummansa.

Duk suka juya suka kalli malamarsu. Mu ma yaranmu suna shara, ba baƙon abu ba ne, amma a ajin nan 'yan mata ne ke yi, tsintar leda kuma horon wanda ya makara ne. Wannan ya daɗe yana damuna, domin yaron da aka hore shi da tsintsiya zai girma yana ganin wulaƙanci ce. Ban faɗi haka a gabansu ba, ajin ba nawa ba ne. Ƙawata ta yi shiru na ɗan lokaci, sai ta ce wa monita, "Ɗauko min tsintsiya, ka ɗebo ruwa a yayyafa." Ta ɗaure mayafinta a ƙugu ta fara daga gindin allo. Maza uku suka tashi suka ja bencuna. Saura sun tsaya kallo tukuna, sannan suka shiga ɗaya bayan ɗaya. Ni na riƙe abin kwasar shara.

Ninke takarda muka yi a gurguje. Na so mu yi tsuru, tsuntsun da ya yi kama da gauraka, amma ninkinsa ya yi wa yara 70 yawa. Muka yi kabuto, hular mayaƙan da, wadda ake ninka wa yara da jarida a ranar yara, 5 ga Mayu. Na ce tamu kuma 27 ga Mayu ce, wata ɗaya muke. Da aka kaɗa ƙararrawa suka fita da hulunansu a ka, 'yan sauran azuzuwa suka yi musu caa.

Hedimasta ya ce in dawo Laraba mai zuwa saboda aji biyar. Jarida ta ƙare, gobe zan aika gidan Baffa a tattaro min nasa.