Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Yadda ake karanta lambar suga

Assalamu alaikum masu bibiyar wannan tarihi. A makon jiya mun tsaya ne a shekarun da na yi a ɗakin gwajin jini. Yau zan jingine labarin kaina, in yi bayanin aikin shi kansa, domin abin da ke tafe a kashi na gaba ba zai fahimtu ba sai an san ma'anar lambobin gwajin sugan jini.

Kafin mutum ya tayar da hankalinsa a kan lambar da ya gani, ya fara sanin da wane ma'auni aka rubuta ta. Wasu na'urori suna ba da sakamako da ma'aunin da ake rubutawa mg/dL, wasu da wanda ake rubutawa mmol/L, kuma a Najeriya duka biyun suna yawo. Raba ta farkon da 18, za ka sami ta biyun: 126 daidai take da 7.0, haka 180 daidai take da 10. A Nijar da Kamaru da Chadi kuwa sau da yawa da giram a kowace lita ake rubutawa, sai ka ga 1.26 a maimakon 126. Abu ɗaya ne aka yi wa suna uku. Wanda ya saba ganin 110 a na'urarsa, ya ga 6.1 a takardar asibiti, zai iya zaton sugansa ya faɗi ƙasa warwas ya hau shan zaƙi, alhali babu abin da ya motsa.

Sai kuma lokacin da aka ɗauki jinin. Gwajin safe kafin karin kumallo yana buƙatar aƙalla awa 8 ba a ci komai ba, ruwa zalla kaɗai aka yarda a sha. Kofin koko ko shayi da asuba ya ɓata shi, ko da mutum ya ce ai ɗan kaɗan ne. Idan ya fito ƙasa da 100 mg/dL, wato 5.6 mmol/L, lafiya lau. Daga 100 zuwa 125 mutum yana bakin ƙofar ciwon suga, bai shiga ba tukuna. Hukumar Lafiya ta Duniya daga 110 take fara lissafin wannan matakin, shi ya sa za ka ji likitoci biyu sun ɗan saɓa a kan mai 105. Daga 126, wato 7.0, zuwa sama kuwa ciwon suga ne, amma da sharaɗi: in babu alamomi a fili, sai an maimaita a wata rana ta sake fitowa haka. Gwajin da aka yi a kowane lokaci na yini, in ya kai 200, wato 11.1, ga kuma yawan fitsari da ƙishirwa da rama, wannan ya wadatar.

Akwai gwajin da ake ba mutum giram 75 na gulukos a ruwa ya shanye, a jira awa 2 yana zaune, ba ci ba zirga-zirga. Ƙasa da 140 daidai ne, 140 zuwa 199 bakin ƙofa ne, 200 ya tabbata. Shi ake yi wa masu juna biyu tsakanin mako na 24 da na 28, sai dai nasu iyakokin sun fi tsauri, 92 kafin cin abinci ma ya isa a sa musu ido.

Gwajin HbA1c ya fi burge mutane saboda ba a yi masa zaman yunwa. Yana auna sugan da ya manne a jikin jajayen ƙwayoyin jini, waɗanda ke rayuwa kusan kwana 120, don haka yana ba da labarin wata biyu zuwa uku da suka wuce. Ƙasa da 5.7 cikin ɗari daidai ne, 5.7 zuwa 6.4 gargaɗi ne, 6.5 ciwon ne. To amma a ƙasarmu da sikila ta yi yawa sai an yi hattara. Mai sikila ƙwayoyin jininsa ba sa kai wa'adinsu, sai lambar ta fito ƙasa da gaskiya. Wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan shi ma haka. Mai ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini kuwa tasa tana iya hawa ba dalili. Irin waɗannan gara a koma musu gwajin safe.

Na'urar gida ta bibiya ce, ba da ita ake yanke wa mutum hukunci ba. Ƙa'idar ƙera ta ma ta yarda ta kauce da kusan kashi 15 cikin ɗari, don haka in ka soki yatsa sau biyu a jere ka ga 140 da 152, ba lalacewa ta yi ba. Yawancin kuskure daga hannu yake zuwa. Wanda ya ɓare mangwaro ko ya taɓa dabino bai wanke hannu ba, sugan da ke kan fatarsa zai auna. A wanke da sabulu a busar sarai, don jiƙaƙƙen yatsa yana tsinka jinin. A soki gefen kan yatsa, ya fi ƙarancin zafi, kuma kada a matse shi da ƙarfi. 'Yan takardun gwajin ba sa shiri da zafi da danshi: a rufe kwalbarsu nan take, a duba ranar ƙarewar aikinsu, kada a bar su cikin mota a zafin bazara. In na'urar ta rubuta HI (ya hau sosai) ko LO (ya faɗi sosai), lambar ta wuce abin da za ta iya karantawa ne, asibiti ya kamata a nufa.

Ko a ɗakin gwaji ana samun matsala. Jinin da aka bari a kwalba ba a tace ba, ƙwayoyinsa suna ci gaba da cin sugan, kusan kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari kowace awa. Shi ya sa ake zuba shi a kwalba mai murfi ruwan toka, mai sinadarin da ke rage wannan ci. Magunguna ma suna da tasu rawar. Dexamethasone da prednisolone suna ɗaga suga, kuma na farkon shi ne wasu mata ke sha don su yi ƙiba. Kwinin na zazzaɓin cizon sauro kuwa saukar da shi yake yi. A faɗa wa likita duk abin da ake sha, har na gargajiya.

Masu jiran sai sun ga kiyashi ya taru a fitsari sun makara, domin ƙoda ba ta fara zubar da suga sai ya haura wajen 180 a jini. Duk wanda ya kai shekara 35 ya je a auna shi. Mai teɓa, mai hawan jini, wanda iyaye ko 'yan'uwansa ke da ciwon, da macen da ta taɓa haifar jariri sama da kilo 4, kada su jira wannan shekarun. A sa tef ɗin tela a auna ƙugu: namiji santimita 94, mace 80, daga nan haɗarin ke ƙaruwa. In an fito lafiya a koma bayan shekara 3, mai bakin ƙofa kuwa duk shekara.

Wanda aka riga aka tabbatar masa, galibi ana so ya tsaya tsakanin 80 da 130 kafin abinci, ƙasa da 180 awa biyu bayan fara ci. Ƙasa da 70, wato 3.9, shi ne mai gaggawa: rawar jiki, gumi, jiri. A ba shi babban cokali ɗaya na suga a ruwa, a sake aunawa bayan minti 15. In ya suma kada a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe a nemi asibiti. Mai azumi da ya ga ƙasa da 70 ko sama da 300, shawarar likitoci ita ce ya karya, ko da saura kaɗan a kira magariba.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu koma kan labari daga watan azumin farko da na yi a wannan ɗaki.