Majayin da na hana a ƙara ja

Sati shida hannuna na dama ya yi a cikin filasta, kuma har yau ba na iya murɗa mukullin mota sai na tallafa da hagu. Duk wanda ya zo dubiya tambayarsa ɗaya ce: dokin mai tutsu ne? Ni kuma amsata ba ta canjawa. Dokin ba shi da laifi ko na anini. Majayi, wato ɗamarar da ke riƙe sirdi a jikin doki, shi ne ya saki, kuma da bakina na hana a ƙara ja.

Wani abokin aikina ne ya kwaɗaita min. Ya daɗe yana ba ni labarin wani dattijo mai 'yar barga a wani ƙauye gaba da Maraban Jos, wanda yake fita da mutane kilisa da sassafe ranakun Asabar da Lahadi. Ba babban filin polo na Fifth Chukker da ke Kangimi nake nufi ba. Wannan dawaki shida ne a turke ƙarƙashin rumfar kwano, sai yara biyu masu yankan ciyawa da kwasar kashi. Dattijon ya yi shekaru yana kiwon dawakin 'yan polo a cikin garin Kaduna, da girma ya zo ya koma gida, yana sayen waɗanda suka gaji da wasa yana riƙewa. Kowa Baba yake ce masa.

Sai na faɗi inda girman kan ya samo asali, domin shi ya kayar da ni. A Zariya na tashi, a gidan da ake ɗaure doki. Ina yaro an sha ɗora ni a hawan Sallah da hawan Daushe, kuma mahaifinmu bai gaji da ba mu labarin hawan daba da aka yi a Kaduna lokacin FESTAC a 1977 ba. Da wannan na shiga bargar Baba ina jin ni ɗan gida ne, har na faɗa masa tun kafin ya tambaye ni. Abin da na manta shi ne, a duk hawan nan ban taɓa ɗaura sirdi da hannuna ba. Wani ke ɗaurawa, wani ke riƙe da ragama yana tafe a ƙasa, sirdin kuma irin namu ne mai kwacciya, wanda yake tokare mutum gaba da baya kamar kujera. Na Baba sirdin polo ne, shafal, babu abin da ke riƙe ka sai cinyoyinka da majayin da ya zagaye cikin dokin.

Mun yi sallar asuba a Kawo cikin sanyin Janairu, muka wuce Rigachikun hazo bai bari a ga fitilar motar gaba sosai ba. Maman yara ba ta so tafiyar ba, kuma ban ga laifinta ba, kowa ya san halin da wasu dazuzzukan jihar nan suke ciki. Abin da ya kwantar min da hankali shi ne tsarin Baba. Ba ya wuce gonakin da aka san shi, tun daren jiya yake tuntuɓar 'yan sintirin ƙauyen, kuma kafin ƙarfe tara an dawo. Wanda zai yi irin wannan fita, kada ya yarda ya bi jagoran da manoman hanya ba sa kiran sunansa.

Mu biyar ne. Ni aka ba wani doki bidi, siriri, mai tabo a goshi. Baba ya miƙo min hular kwano, na ce ai tafiyar taƙama ce kawai za mu yi, ya ce a bargarsa ba a hawa da hular zanna. Ya kuma dubi ƙafata, ya sa na cire kambas ɗin da na zo da shi mai faɗin ƙasa, ya ba ni aron wani tsohon takalmi mai dunduniya. Waɗannan biyun na bi, kuma don na bi su ne nake zaune yau ina rubutu. Na ukun ne na ƙi.

Mun yi kamar minti goma da fita, sai Baba ya tsayar da mu ƙarƙashin wata ɗorawa, ya sauka, ya fara bin dawakin ɗaya bayan ɗaya. Ina kallonsa yana ɗaga fatar sirdi, ya zura yatsu tsakanin majayi da cikin doki, ya ƙara ja rami ɗaya, wani rami biyu. Ni ne na ƙarshe. Rana ta fara ɓullowa ja wur a cikin hazo, na fito da waya ina ɗaukar hoto, bidin kuma yana ta tattaki yana son tafiya. Da Baba ya iso kaina sai na ce, "Baba bar shi, na duba, a ɗaure yake."

Ya tsaya hannunsa a wuyan dokin. "Alhaji, a barga ka duba ko a nan?"

Na ce, "A nan."

Ƙarya na yi. A barga na taɓa shi, kuma a lokacin lallai a ɗaure yake tamau. Baba ya dube ni, ya dubi sirdin, ya ce, "To, Allah Ya tsare," ya koma ya hau nasa. Na san abin da ya hana shi matsawa: na ce masa ni ɗan gidan dawaki ne, ga furfura a gemuna, ga baƙi uku suna kallo. Kunyata ya ji.

Abin da duk ɗan barga ya sani, ni kuma ban sani ba, shi ne doki yakan ƙanƙame jiki ya kumbura ciki lokacin da ake jan majayi, musamman da sanyin safiya. In ya yi 'yar tafiya jikinsa ya saki, zubka, shimfiɗar da ke ƙarƙashin sirdi, ita ma ta lotse da nauyin mahayi, sai majayin da ka bari tamau ya koma hannu yana shiga har wuyansa. Shi ya sa ake ja sau biyu, wasu ma sau uku: a turke, kafin a sa ƙafa a likkafa, sannan bayan an ɗan taka. Tsayawar nan ta gindin ɗorawa ba hutu ba ce, ita ce aikin. Bai fi daƙiƙa ashirin ba.

Tafiyar kanta, wallahi ban taɓa ganin Kaduna haka ba, ni da na shekara ashirin a cikinta. Mun ratsa gonakin da aka girbe, karan dawa a tsaye a bushe, zabi suna tsere a gabanmu. Mun wuce wata ruga ana tatsa, hayaƙi yana tashi a kwance saboda sanyi, balbelu sun yi fari fat a bayan shanu. Daga kan doki mutum yana hango abin da ba ya gani daga mota, kuma dabbobi ba sa gudunsa kamar yadda suke gudun mai tafiya a ƙasa. Kowa muka tarar sai ya ɗaga hannu, "Baba an fito? Ya sanyi?" Har na fara lissafin ranar da zan kawo babban ɗana.

Muka gangara fadama, inda masu noman rani suka yi kwamin albasa da tumatur. Hanyar siririya ce, muna tafe a jere. Daidai inda na iso, wani yaro a bayan rake ya ja igiyar injin ban ruwa, injin ya tashi da ƙara. Bidin ya yi tsalle gefe ɗaya zuwa hagu. Ba wani babban abu ba ne, sauran dawakin ma sun razana, masu su ko gezau. Amma dokin da ya yi polo an koya masa juyawa a wuri ɗaya cikin ƙiftawar ido, ni kuma nauyina duka ya tafi kan likkafar dama. Da majayin a ɗaure yake, da na dafe geza na gyara zama, shi ke nan. Sai na ji sirdin yana tafiya da ni, a hankali da farko, kamar ana zare min tabarma. Na tuna ina kallon kunnen dokin yana komawa sama. Na kai hannu ƙasa, na ji ƙas, sannan kaina ya bugi bakin kwami.

Ƙafata ta fita daga likkafa salin alin, saboda takalmin nan mai dunduniya bai bari ta zurma ciki ba. Da kambas ɗina ne, Allah kaɗai Ya san nisan da za a ja ni. Hular kwanon ta tsage ta gefe. Na ajiye hotonta a wayata.

Ni dai na faɗi na huta. Dokin ne ya shiga uku. Sirdin ya juye ya koma ƙarƙashin cikinsa, likkafun ƙarfe suna dukan ƙafafunsa na baya, shi kuma bai san me ya kama shi ba. Ya yanki cikin albasar mutane da sukuwa yana harbi, ya tsallaka rariyar ruwa, ya faɗa cikin tumatur. Baba bai bi shi da gudu ba, ya ce kowa ya tsaya inda yake, ya zagaya ta gaba a hankali yana masa magana ƙasa-ƙasa har ya kama linzamin. Da ya kwance majayin ban ga ya dube ni ba. Ramin da harshen ƙarfen yake ciki kawai ya kalla, ya shafa shi da babban yatsa.

Mai gonar dattijo ne shi ma, ya zo da fartanya a kafaɗa. Na zaci faɗa zai yi. Sai da ya fara cewa, "Sannu bawan Allah, ba ka ji ciwo ba dai?" sannan ya je ya tsaya a kan kwamin da aka tattake. Albasar ta fara ƙwai, saura 'yan makonni a cire. Wata uku yana sayen man inji yana ba ta ruwa. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Aka kira mai unguwa, aka ƙirga kwamin da suka lalace, aka yanka kuɗi, na biya a ranar ta waya da hannun hagu. Ya ninka kuɗin hawan sau uku da ɗoriya, kuma ban nemi ragi ba. Baba ya so ya ɗauki rabi, na roƙe shi don Allah ya bari.

A ƙauyen an ce a kai ni wajen mai ɗori, kuma na san akwai gwanaye a cikinsu. Na zaɓi a fara ɗaukar hoton ƙashi a cikin gari, aka ga ya tsage dab da wuyan hannu. In ka faɗi a kan tafin hannu ya kumbura nan take, kada ka bari kowa ya ja maka shi da sunan targaɗe kafin a ga hoto.

Mutane da yawa sun ce min ƙaddara ce, kuma na yi imani da ƙaddara. Amma ina kwana ina tashi da tambayar nan ta Baba, a barga ka duba ko a nan? Ya ba ni ƙofar fita a buɗe. Da na ce a barga, ba wanda zai yi min dariya, baƙin nan uku ko sanin me ake magana a kai ba su yi ba. Hoton fitowar rana da na tsaya ɗauka ma bai fito ba, hazo ya cinye shi. Don haka in ka je irin wannan kilisa, ko kai jikan Shamaki mai kula da dawakin sarki ne, ka bar jagora ya sa hannunsa a majayinka. In ya manta, kai ka tuna masa. Ka tambayi aikin da dokin ya yi a da, domin wanda ya yi polo ko tsere ba ɗaya yake da dokin hawan Sallah da ya saba da kalangu da bindiga ba. Wayar kuma ta zauna a aljihu sai an tsaya an ce a ɗauka.

Ranar Asabar da ta wuce na koma, ba don hawa ba, likita bai ba ni izini ba tukuna. Na sayi buhun dusa da damin harawa na kai. Bidin ya yi sati uku ba a ɗora masa sirdi ba, sati uku ke nan Baba yana ciyar da dokin da ba ya kawo ko kwabo, yana wanke masa ciwon da ruwan ɗumi da gishiri safe da yamma. Ƙafar ta warke, sai tabo biyu da gashi bai rufe ba. Amma yaran barga sun ce har yanzu in aka zo jan majayi sai ya kwantar da kunne ya ja da baya, abin da bai taɓa yi ba.

Na samu Baba shi kaɗai a bayan rumfa yana jiƙa dusa. Na durƙusa na ce, "Baba, ranar nan ƙarya na yi maka. Ban duba a gindin ɗorawa ba."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Na sani, Alhaji. Tun daga inda nake na ga sirdin ya ɗan karkata. Ni ne da laifi da na ji nauyinka." Ya ce tun daga ranar ba ya tambayar kowa, hannu kawai yake sawa, har wani babban mutum ya ji haushi makon jiya.

Na ce ya yafe min, ya ce ya yafe tun a fadama. Sannan ya sa yaro ya ɗaura wa wani doki akawal sirdi, ya zagaya da shi bayan barga sau biyu ya dawo, ya kama hannuna na hagu ya zura shi ƙarƙashin majayin. Yatsuna huɗu suka shige har da tafin.