Fentin cikin gida: a riƙa tambayar mai goge bangon

A garin nan namu na Bauchi, kafin mutum ya kai gininsa matakin fenti, aljihu ya riga ya ji jiki, mai gidan haya ya fara kiran waya, 'yan'uwa kuma tambayarsu ɗaya ce kullum: yaushe za a tare? Shi ya sa ake yanke maganar fenti a tsaitsaye tsakanin maigida da mai fenti. Matar da za ta wuni da bangon, ta kwana da shi, ta goge shi in yara sun yi masa ado da miya, iyakar abin da ake tambayarta shi ne wace kala take so a ɗakinta. Da muka zo kan namu, can wajen Inkil a hanyar Gombe, na ce wa maigidan ya bar min wannan ɓangaren, kuma kala ce abu na ƙarshe da na duba.

Na fara da jira. Sabon filasta cike yake da ruwa, siminti kuma, ko na Ashaka ne ko na Dangote, yana neman kwana 28 kafin ya gama kama jikinsa. Da damina ma ya fi haka kafin bango ya bushe har ciki. In aka yi gaggawa, ruwan da aka rufe zai nemi hanyar fita, sai ka ga fenti ya kumbura yana ɓarewa, ga wani farin gari kamar gishiri yana fitowa daga ƙasan bango. Akwai gwaji mai sauƙi: a samu farar leda a manna a bango da salatif, a rufe gefenta duka, a bar ta ta kwana. In da safe an ga gumi a cikinta, bango bai shirya ba. Masu gini a unguwannin fadama kuwa, in tun a harsashi ba a shimfiɗa ledar hana danshi ba, babu fentin da zai rufa musu asiri, sai dai a yi ta sakewa duk bayan damina.

Hunturu yana busar da bango da kyau, amma ƙurarsa tana manne wa ɗanyen fenti. Don haka sai an sa tagogi da gilasansu tukuna.

Sai sikiridin, wato wannan farin kwaɓin da ake shafawa a kan filasta don bango ya yi sumul. Maigidan ya so a tsallake shi, a cewarsa ai fenti zai rufe komai. Mai fentin, wani dattijo mara yawan magana, bai yi musu ba. Da magariba ta yi sai ya kunna fitilar wayarsa ya kwantar da ita a jikin bangon falo, hasken ya bi bangon a kwance. Bangon da muke gani lafiya lau da rana, sai ga shi duk tudu da kwari, ga sawun cokalin magini, ga tsaguwa siriri-siriri. Ya ce, "Alhaji, fenti ba ya ɓoye wannan, in mai sheƙi ne ma tona shi yake yi." Ya juyo gare ni ya ce, "Hajiya, in kuɗi ne matsala, a yi wa falo da ɗakunan kwana, a bar sito." Haka aka yi. Bayan ya bushe aka bi shi da samfefa, aka kakkaɓe garin, sannan aka shafa fentin farko da ke riƙe na sama.

A nan ne maganar mai goge bango ta shigo. Fentin ruwa na gama-gari ya fi araha, yana da kyau a ido, amma in ka sa masa jiƙaƙƙen tsumma sai ya biyo tsumman. Wanda ake kira satin yana da ɗan sheƙi, ana wanke shi da ruwa da sabulu, kuɗinsa kuma ya fi. Ni ban ga dalilin sa mai tsada a silin ko a ɗakin baƙi da ake buɗewa daga sallah sai sallah ba. Amma baranda ta ciki, da ɗakin yara, da wajen cin abinci, da bangon da ke kewaye da makunnin wuta inda kowa ke dafawa, duk satin na sa. Yaro da fensir, hannu da manja, lalle ranar biki, kan mai jingina da ya sha man gashi: duk a tsayin nan suke sauka, daga ƙasa zuwa kafaɗar babba.

Wani abin da maza ba sa lissafawa shi ne turaren wuta. Mu kam ba ma rabuwa da kasko, hayaƙinsa kuma sannu a hankali yake rina fari ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, musamman a lungun da aka saba ajiye shi. Saboda haka ban sa fari fat a ɗakina ba, ruwan madara na sa.

Kicin da banɗaki tayil muka kai har sama. Takardar bango da ake yayi yanzu tana da kyau a hoto, amma danshi yana ɗaga ta, kyankyasai kuma suna son bayanta. Fenti mai gurji-gurjin nan a bar shi a waje; a cikin ɗaki kowane ƙurjinsa ma'ajiyar ƙurar hunturu ce, tsintsiya ba ta fitar da ita.

Fentin mai na ƙofofi da ƙarafan taga ne. A nan ina jan hankalin iyaye: wasu fentin mai, musamman masu kala mai ƙarfi irin ja da ruwan ɗorawa, ana samun darma a cikinsu, darma kuwa tana taɓa ƙwaƙwalwar yara. A duba gwangwani a ga shaidar SON, hukumar da ke kula da ingancin kayayyaki, a nemi wanda aka rubuta babu darma, a kuma bar ɗaki a buɗe har wari ya fita kafin a shigar da jariri.

Lissafin yawa ba wuya. Bokiti babba lita 20 ne, galan lita 4. Fentin kirki, lita ɗaya tana rufe wajen murabba'in mita 10 a shafawa ɗaya. Ɗaki mai ƙafa 12 kowane gefe, in aka cire ƙofa da taga, bangonsa wajen murabba'in mita 40 ne, shafawa biyu kuma ta ci lita 8. Ke nan bokiti ɗaya zai yi ɗaki biyu har da ragowa. Wanda ya ce zai yi maka ɗaki biyar da shi, ruwa zai tuttula, in ya bushe ka shafa hannu ka ga alli. Sunaye irin su Dulux da Berger da Sandtex sanannu ne, amma suna kaɗai bai isa ba, tunda bokitin da aka gama da shi ana iya sake cika shi da wani abu. A saya wajen dila, a duba murfin ba a taɓa ɓalle shi ba, a kuma sayi na ɗaki ɗaya a lokaci guda, don kala ɗaya ma takan ɗan bambanta daga wannan haɗi zuwa wancan.

Ita kalar, ban yarda da ɗan littafin da ake nunawa a shago ba. Galan muka saya aka shafa faɗin tabarma a bango, na kalle shi da hantsi, da la'asar, da dare a ƙarƙashin farin ƙwan fitila, da kuma lokacin da aka ɗauke wuta. Ruwan tokar da ya burge ni a takarda, da aka ɗauke wuta sai falon ya yi duhu tun kafin magariba, don haka aka koma mai haske sosai. Ragowar kowace kala na sa an juye min a ƙananan robobi masu murfi, na rubuta sunan ɗaki da lambar kalar a jiki, don masu shigo da kabad da gado ba sa fita sai sun daki kusurwar bango.