Kujeru 300 da majigi ɗaya

Sana'ata hayar kayan taro ce: rumfuna, kujerun roba, lasifika, janareta da majigi. Shagona yana Tudun Wada, kuma yawancin cinikina na biki ne da suna da walimar sauka.

A Janairun 2024, ana gab da fara gasar cin kofin Afirka a Kwaddebuwa, samarin unguwa suka same ni. Babbansu ya ce, "Kawu, so muke mu haɗa wa jama'a kallo a filin makaranta duk ranar da Najeriya za ta buga, ba kuɗin ƙofa." Sun riga sun je wa mai unguwa, sun kuma yi karo-karo. Da na ga abin da suka tara, da ƙyar zai sha man janareta, domin tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 fetur ya zama abin da ya zama. Na yanke musu rabin kuɗi, da sharaɗin ɗauko da mayarwa a wuyansu.

Mai wannan sana'a ya san ba a kafa rumfa ake asara ba, a watsewar taro ake yinta. Kujera ta bi wani gida, waya ta yi ƙafa. Shi ya sa na zuba musu ido sosai, kuma abin da na gani ya burge ni. Sun raba kansu: masu yayyafa ruwa don kwantar da ƙurar hunturu, masu tsaron babura, masu shimfiɗa wa yara tabarmi a gaba. Mata da dattawa ɓangarensu daban. Da la'asar su haɗa wa yara ƙwallo, masu awara da tsire da shayi su jeru a jikin katanga. Ba wanda aka biya ko sisi.

Ranar 7 ga Fabrairu ce ta fi ba mu wuya. Wasan kusa da na ƙarshe da Afirka ta Kudu ƙarfe 6 na yamma aka take shi, majigi kuwa ba ya shiri da hasken rana. Muka haɗa rumfa biyu, muka zagaye da tamfol, samari huɗu suna riƙe da igiyar farin kyalle saboda iska. Hutun rabin lokaci ya zo daidai da magariba, aka kashe lasifika, aka yi sahu a gefen fili, sun ma tanadi butoci. Da aka kai bugun fanareti golanmu Nwabali ya tare biyu, yara suka yi kan janareta da gudu, wani saurayi ya tare su da jikinsa. Da waya ta tsinke a lokacin, ban san me zan ce wa mutane ba.

Daren wasan ƙarshe da Kwaddebuwa, 11 ga wata, Troost-Ekong ya ci mana da ka, Kessie ya farke, Haller ya ƙara. Jama'a suka watse jiki a sanyaye. Samarin nan, wasu idonsu ja wur, suka tsaya cikin sanyi suna jera kujeru goma-goma har kusan tsakar dare. Muka ƙirga tare da fitilar waya: 298 lafiya, biyu sun karye a ƙafa. Washegari da hantsi ma'ajinsu ya zo shago da kuɗin biyun a hannu.