Sandar kare kai: yadda muke zaɓen itace, da abin da ba ma yarda mu ƙera

Sana'armu sanda ce. Muna sayen itace ɗanye, mu busar, mu miƙar, mu naɗe da fata, mu sayar wa makiyaya da masu gadi da 'yan sintiri da dattawan da gwiwa ta fara damu. Tun da ƙwacen waya ya yi ƙamari a birane muka samu wasu masu saye na daban: 'yan kasuwar da ke tashi bayan isha'i, ɗalibai, da masu fita masallaci da asuba ta lungu mai duhu. Yawancinsu abu ɗaya suke tambaya, wai a yi musu sanda mai wuƙa ko takobi a ciki, yadda ba wanda zai gane. Wannan aikin ba ma karɓarsa, kuma dalilin farko na sana'a ne.

Kafin ƙarfe ya shiga cikin sanda sai an rarake cikinta, ƙarfin sanda kuwa a cikar jikinta yake. Wadda aka rarake, bugu ɗaya mai kyau ya isa ya tsaga ta daga mahaɗa. Itace kuma yana tafiya da yanayi: da damina ya kumbura bakin ya cije, a yi ta ja ya ƙi fita; da hunturu ya tsuke mahaɗar ta yi sako-sako, tana ƙara a kowane taku. Zaro ta ma sai da hannu biyu da 'yan daƙiƙu, mai ƙwace kuwa ba ya ba da wannan lokacin. An ɓata sanda, ba a kuma samu wuƙar kirki ba. Sannan ga hukuma. Dattijon da aka gani da sandarsa a shingen bincike ba ya da wani bayani da zai yi, amma ranar da aka murɗa kan sanda ƙarfe ya fito, mai ita ya shiga sahun 'yan daba ko da limamin unguwa ne.

Itacen da muka fi so shi ne dargaza, wadda Fulani makiyaya suka daɗe da sanin darajarta. Tana da sauƙin ɗauka, tana ɗan lanƙwasa ta dawo, ba ta karyewa farat ɗaya. Ɗunɗu ya fi ta tauri da nauyi, shi muke ba masu gadi. Marke da kanya da aduwa duk suna yin sanda mai ƙarko, sai dai samun miƙaƙƙen reshe a jikinsu aiki ne. Kirya ta cika nauyi, a bar wa masu tabarya da maƙera masu neman gawayi. Darbejiya da turare ba ma taɓa su, domin suna murɗewa suna tsagewa in sun bushe, malaina kuma ba ta da nauyin da za a dogara da shi. Akwai masu shafa wa irin waɗannan baƙin fenti su sayar a bakin tasha. Mai saye ya kankare gindin da farce: in farcen ya shiga, ya ajiye.

Gora tana da nata sharaɗin. Wadda ta kai shekara 3 zuwa 4 ake yanka, mai cikakken ciki, gaɓoɓinta kusa da juna. Ɗanyar gora tana da zaƙin da ƙwaro ke bi, shi ya sa muke jiƙa ta cikin ruwa mako 3 zuwa 4 kafin shanya. In aka tsallake wannan, bayan 'yan watanni za a ga ƙananan huji da wani farin gari yana zuba, to ciki ya riga ya tafi.

Lokacin yanka shi ne bayan kaka, da ruwan jikin itace ya ja baya. Reshe ake cira mai kaurin santimita 3 zuwa 4, a bar uwar ta sake tofo, a kuma ƙara kamar taƙi ɗaya a kan tsawon da ake so saboda bakunan da za su tsage. Ba ma ɓare ɓawon nan take. Muna toshe bakin biyu da kakin zuma ko fenti, mu ɗaure goma-goma, mu jingine a inuwa inda iska ke ratsawa, nesa da ƙasa saboda gara. Wata 4 zuwa 6 yake ɗauka. Gaggawa a nan ita ke kashe jari: wanda ya baza itace a rana tsakiyar hunturu, wajen ya bushe ciki na da danshi, sai tsaga ta bi tsawonsa. Hanyar gane ya bushe ita ce sikeli. A auna guda ɗaya duk mako, in nauyin ya daina raguwa mako biyu a jere, ya yi.

Miƙarwa da garwashi ake yi, ba da harshen wuta ba. A shafa man gyaɗa a gurbin da ya karkace, a riƙa juya shi a kan garwashin har ya yi zafin da hannu ba zai iya riƙewa ba, a sa a tsagar gungume a danna a hankali, a ɗan wuce daidai kaɗan domin zai koma baya, a riƙe har ya huce. In wurin ya yi baƙi an ƙona shi, kuma nan zai karye wata rana. Daga nan sai wuƙa ta cire ɓawo, magagari ya daidaita ƙulli, samfefa ta goge. Man kaɗanya muke shafawa sau uku, kwana biyu tsakanin kowace shafa. Baƙin mai yana korar ƙwaro, amma yana ɓata riga, hannu kuma ya riƙa santsi.

Tsawo ya danganta da mai riƙewa. Sandar dogarawa, mutum ya tsaya da takalminsa ya saki hannu, kanta ya zo daidai wuyan hannunsa, galibi santimita 85 zuwa 95. Ta mai gadi mita ɗaya ko da ɗan ɗori. Ta makiyayi takan kai 120 zuwa 150, amma ita a lungun birni ko cikin A Daidaita Sahu kaya ce kawai. Nauyin da ya wuce giram 600 yana gajiyar da hannu, sandar da ta gajiyar da mai ita kuwa a bayan ƙofa take ƙarewa. Da sandar da ke hannu ake kai duka, shi ya sa mukan ce wa mai saye ya ɗauki wadda zai iya yawo da ita kullum, ko da ta fi sauran sirantaka.

Mariƙin baduku ke naɗe shi da fatar akuya tana da danshi, in ta bushe ta kama gam. A gindi muna sa zoben ƙarfe don kada ya tarwatse, da ɗan guntun taya don kada ya zame a kan siminti. Masu cewa a kafa musu ƙusoshi ko a ɗura dalma a kai, amsarsu ɗaya da masu neman takobi. Igiyar ratayawa kuma a bar ta da faɗi. In ta matse wuyan hannu, duk wanda ya cafke ɗaya bakin zai ja mutum har ƙasa.

Ga mai zuwa neman abin kare kai, sanda ita ce ta uku a lissafinmu. Tocila ce ta farko. Ɓarawo duhu yake so, haske mai ƙarfi a ido yana tsayar da shi na ɗan lokacin da za a juya a gudu. A nemi mai jikin ƙarfe, wadda tafin hannu zai rufe, makunninta a gindi inda babban yatsa zai same shi ba lalube. A guji mai yanayi biyar da sai an yi ta dannawa kafin a kai ga haske mai ƙarfi. Batirin cajin tocila da ake kira 18650, na gaske ƙarfin cajinsa bai cika wuce 3500mAh ba, duk wanda aka rubuta wa 9900mAh jabu ne, riƙe shi ma za a ji ba nauyi. Ta biyu usur. Mai ƙwallo a ciki yana shaƙewa in ƙura ko ruwa ya shiga, marar ƙwallo ya fi. Amfaninsa yana ninkuwa in 'yan layi sun yi yarjejeniya, misali busa uku a jere na nufin a fito. Hajiyoyi da 'yan mata da ba za su yi yawo da sanda ba, waɗannan biyun da lema mai ƙarfin ƙashi sun fi musu. Sai dai a rataya usur a wuya ko a jikin mayafi, wanda ke ƙasan jaka ba shi da amfani. Dabarar saka makullai tsakanin yatsu kuwa, yatsun mai su take fara yankawa.

Kundin dokokin laifuka na Penal Code da ya fara aiki a Arewa a 1960 ya amince da haƙƙin kare kai da dukiya, amma ya ɗaure shi da sharaɗi: kada cutarwar ta wuce abin da kariyar ke buƙata. Wanda ya juya ya gudu, bin sa da duka ba kare kai ba ne. Shi ya sa muke nuna wa mai saye ya riƙe sanda da hannu biyu a gabansa, ya tokare, ya hana a matso, yana ja da baya yana ihu, maimakon ɗaga ta sama, inda za a shige masa ƙarƙashi a rungume shi. In mutum uku ne da wuƙaƙe suka nemi waya, a ba su, a kira lambar gaggawa ta 112 ko ofishin 'yan sanda mafi kusa, a je a rufe layi da asusun banki.

Duk wata uku a duba sanda. A buga gindinta a kan siminti: lafiyayya tana ba da ƙara tsaf, mai tsaga a ciki tana ba da wata ƙara kamar ta fasasshiyar ƙwarya. In tsagar ba ta wuce yatsa biyu daga gindi ba, muna yankewa mu mayar da zobe. In ta kai tsakiya, ba ma gyarawa.