Shekara biyu muna haƙa kafin mu sayar da giram ɗaya

Ƙaramin kamfani nake da shi na haƙar zinare a ƙasar Yauri, ma'aikata goma sha biyu. Duk wanda ya ji sana'ata sai ya ce, "Alhaji, ai kun huta." Ina ma zai biyo ni bakin rami ya gani.

Da takarda aka fara. Dokar ma'adinai ta 2007 ta ce duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin tarayya ne, don haka sai da na yi ta zirga-zirga Abuja neman lasisin bincike, mai wa'adin shekara 3, bayan na samu amincewar masu gonaki da hakimi.

Zinaren yankinmu a cikin farin dutse yake, ya miƙe cikin ƙasa kamar jijiya, wani wuri kaurin tafin hannu, wani wuri ya ɓace ɗungum. Muka yanka kwalbatoci, muka ɗebi samfuri muka kai awo. Dutsen da zai ba da giram biyar a tan ɗaya abin murna ne, alhali ido ba ya ganin komai a jikinsa. Ramina na farko na haƙa shi ne kan maganar wani da ya rantse ya san wurin. Mita ashirin muka nutsa, ba jijiya ba alamarta. Har yau in na tuna kuɗin nan sai raina ya ɓaci.

A rami na biyu ruwa ya tare mu. Da damina injin zuƙe ruwa ba ya hutawa, dizal kuwa kamar ana zuba shi a rariya. Ga iska: in an yi nisa numfashi kan yi nauyi, dole a tura ta ƙasa ta bututu. Janareto kuma ba ya kusantar bakin rami, hayaƙinsa kisa yake yi shiru. Kowace mita sai an tokare bango da katako, ko da yaran suna gunaguni wai ina ɓata musu lokaci.

Abu guda ne ba na sassauci a kai. Tun abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubar dalma ta kashe yara sama da 400 saboda niƙa dutse a cikin gidaje, ban yarda ko tsakuwa ta bi ma'aikaci gida ba. Da ruwa muke niƙa don kada ƙura ta tashi, kowa kuma sai ya yi wanka ya sauya kaya kafin ya koma wurin iyalinsa.

Bana muka fara ratsawa gefe, muna bin jijiyar ta kudu.